Ranar da Tubali Ya Kai Rufi

A ofishin da ake rubuta wa ƙananan asibitoci manhaja, babu wanda ya kai Tubali iya fara aiki. Daga nan ma laƙabin ya fito: yana aza tubali, ba ya kai gini rufi. Da gyaran injin buga takardu ya soma, a wani shago ƙarƙashin matakala, ya koyi rubuta manhaja a kan kwamfutocin da masu su suka manta da su. Har furfura ta fara leƙowa bai bar halin mai gyara ba, komai sai ya kwance, ya goge, ya mayar.

In za a soma sabon aiki, akwai umarni guda da ake buga wa kwamfuta, ita kuma ta zubo ƙwarangwal: foldoji, fayil na gwaji, takardar lasisi, da guraben da aka bar wa mai aiki ya cike. Sauran ma'aikata sukan tsallake guraben su faɗa aiki. Tubali kuwa nan ne dausayinsa. Ya cike suna, ya tsara bayani, ya zaɓi lasisi kamar mai zaɓen suruki. Matarsa ta sha cewa da irin wannan kulawa yake ba ƙofar banɗakinsu, da tuni ta daina tokare ta da bokiti.

Abu guda dai ya gama a rayuwarsa: wani ɗan ƙunshin aiki, irin wanda masu sana'ar ke kira laburare, wato abin da kowa zai ɗauka ya saka cikin tasa manhajar. Nasa yana matse hoton ƙashi da na awon ciki har su wuce ko da intanet na rarrafe. Duk ofishin da shi ake aiki, ana miƙa wa juna a filash, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, kamar aron ashana.

Sai ga Maƙwabciya, matar da teburinta ke manne da nasa, ta sami aiki a wani asibiti mai nisa.

"Yaya Tubali, ka wallafa abin nan don Allah," in ji ta. "Inda za ni ba a shigar da komai ta filash, sai abin da ke rumbun jama'a a intanet. Na tambayi Oga, ya ce a saki, shi bai ga abin sayarwa a ciki ba."

"Ai na taɓa gwadawa," ya ce, yana goge madannan kwamfutarsa da ba su da ƙura. "Sun ƙi."

"Su wa?"

"Masu rumbun. Jan rubutu suka aiko min."

Mutumin da ke karanta kowane saƙon kuskure har ƙarshe kamar wasiyya, ranar nan yana ganin ja ya rufe kwamfuta. Shekaru ke nan yana yawo da hukuncin cewa masana sun auna aikinsa sun ga bai cika mudu ba. Bai yi fushi ba. A ganinsa sun yi gaskiya.

"Sake bugawa in gani," ta ce, ta jawo kujerarta.

Ya buga. Jan rubutu ya fito. Ta karanta da ƙarfi, ta kifa kai a kan tebur tana dariya.

"Wayyo cikina! Yaya, babu wanda ya ƙi ka. Aikin ko fita daga kwamfutarka bai yi ba. Ƙofarka ce a kulle ta ciki, ka zauna kana jin kunyar mutanen gari."

Layi ɗaya ne ya kulle ƙofar, ƙwarangwal ɗin ne ya zo da shi: aikin nan na gida ne, kada a wallafa. Tubali ya cike duk gurbin da aka bari, amma wannan a cike ya same shi, shi kuwa ba ya taɓa abin da bai lalace ba.

Ta miƙa hannu za ta share ta aika. Ya riƙe linzamin kwamfutar.

"Ƙanwata, tsaya. Ba a mayar wa mai inji injinsa ba a leƙa ciki ba."

Ya buɗe ƙunshin da zai tafi. Can cikin foldar gwaji, ga hoton ƙirjin wata majinyaciya da ya yi aiki da shi tun farko, sunanta da shekarunta ɓaro-ɓaro a kusurwa. Da aikin ya fita a waccan ranar, da ƙirjin baiwar Allah yana hannun duk mai so.

Dariyar Maƙwabciya ta tsaya.

"Wane ne ya sa layin nan?" ya tambaya a hankali.

"Wa ya sani? Wani ne can, ya san halinmu."

"Allah Ya saka masa da alheri, Ya jiƙan mahaifansa."

Ya cire hoton, ya sa na wani tsohon injin buga takardu a madadinsa, ya sake gwaji, sannan ya share layin da hannunsa, ya aika. Wannan karon rubutun bai yi ja ba.

Bayan Maƙwabciya ta tafi, saƙonta ya iso: ta sauke daga rumbu, yana aiki, sai dai hoton da aka ɗauka a karkace yana fitowa kai ƙasa. Tubali ya kai wa matarsa wayar har bakin banɗaki, fuskarsa kamar an yi masa haihuwa.

"Duba nan! An kawo ƙarata daga nesa."

"Madalla, na taya ka murna," in ji ta. "Matsa min bokitin."