Ƙunzugun da na binne a tsibirin Bahar Maliya

Jama'a, ni ba mai yawan rantsuwa ba ne, aikina ma ajiye takardun kaya ne a wani kamfanin fiton kaya da ke Jidda, inda ba a karɓar magana sai da shaida. Amma na rantse da wanda raina ke hannunsa, abin da zan faɗa muku ya faru da ni, shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Waziriyya ni da matata Rahama da ɗanmu na fari, Huzaifa, yana jariri bai fara rarrafe ba.

Abokin aikina Usama, Bahaushe haifaffen Jidda, shi ya matsa mana a kan mu fita hutu, wai mun yi shekaru a bakin teku ba mu san teku ba. Shi da matarsa Najat suka yi hayar ƙaramin jirgin ruwa mai inji daga gaɓar tekun Abhur, muka ɗauki tabarmi da laima da shinkafa da kifi, aka kai mu wani ɗan tsibiri, fari fat, ba gida ba bishiya, ruwan da ke kewaye da shi garau har kana ganin murjani a ƙasa. Sai dai tun saukarmu raina ya ɓaci, domin waɗanda suka riga mu zuwa sun bar ledoji da gwangwanaye da kawunan kifi suna ruɓewa, ƙudaje sun yi musu baƙi. Mutum ya zo wuri irin wannan ya bar ƙazantarsa ya tafi, kai, wannan rashin tarbiyya ne.

Bayan azahar Huzaifa ya ɓata ƙunzugunsa, irin na zamani da ake yarwa, Rahama ta wanke shi ta sauya masa, ta naɗe mai dattin ta miƙo mini. Na nufi jirgi da shi, sai Usama ya toshe hanci ya ce, "La, la, ya Abu Huzaifa, wallahi wannan bam ɗin ba zai hau jirgi kusa da abincinmu ba. Jefa shi a ruwa, halas, shi ke nan!" Najat tana ta dariya. Na ce masa ni ba na cikin masu zuba najasa a inda mutane ke wanka. Rahama kuwa ta ce a gidansu ba a barin kashin jariri a fili, binne shi ake yi, haka ta ga kakarta na yi. Na zaga bayan wani tudun rairayi, na haƙa rami da hannuna, na binne, na daidaita wurin. Har gobe ina nan a kan cewa abin da mai tsabta zai yi ke nan.

Mun dawo gida lafiya. Tun daga washegari Huzaifa ya ƙi nono, har aka kwana biyu. Ba kuka yake ba, ba zazzaɓi, dariya ma yake yi, cikinsa fam kamar wanda ya ƙoshi, amma da uwarsa ta kai masa sai ya kau da kai. Nono ya cika mata har ya sa mata zazzaɓi, tana tatsa tana hawaye. Sannan ya fara tumbuɗi, kuma a nan ne hankalina ya tashi, domin yaron da bai sha komai ba me zai tumbuɗo? Abin da ke fitowa nono ne, amma mai kauri, launinsa toka-toka, ga wani irin ƙarni na kifin da ya kwana a rana, wanda in ya taɓa riga ko an wanke ba ya fita, Subhanallahi. Da Rahama ta kwance masa ƙunzugu kuwa, sai ta tarar da farin rairayi a ciki, jiƙaƙƙe, da ɓaraguzan bawon kifin teku, alhali an yi masa wanka ya fi a ƙirga tun dawowarmu. Ran nan har wata 'yar ƙaguwa mai rai ta fito daga ciki ta bi cinyarsa, Rahama ta kurma ihu.

Muka kai shi asibiti, likita ya duba ya auna ya ce lafiyarsa lau, nauyinsa ma ƙaruwa ya yi. Wannan ƙaruwar ita ta fi tsorata ni.

Usama ne ya kai mu wurin mahaifiyarsa a unguwar Ammariyya. Tsohuwar ta karɓi yaron, ta shinshina bakinsa, ta yi maza ta miƙa wa uwarsa, ta tambayi abin da muka bari a tsibirin. Da na faɗa mata, sai ta ce, "Ya waladi, ɗana, ai mace ba ta ɗauke kashin yaro sai ta ɗauke shi ɗa. Yalla, je ka karɓo kayanka tun bai saba da ita ba." Na ce, "Hajja, wace ce?" Ta ce ita ba ta ce kowa ba.

Muka koma ni da Usama da rana tsaka, wannan karon ba ya barkwanci, ya ce zai jira ni a jirgi. Na zaga bayan tudun, sai na ga a gefen ramin rairayi ya lotsa, shacin zama ne sarai, na wanda ya miƙe ƙafafu biyu kamar yadda mata ke zama in za su kwantar da jariri a cinya, sai dai tsawon ƙafafun ya wuce na duk mutumin da na taɓa gani, kuma babu sawun zuwa babu na tafiya. Na haƙa ina karanta Ayatul Kursiyyu. Ƙunzugun yana nan, amma an wanke shi tas, an linke shi da kyau, kuma yana da ɗumi. Rairayin da ke ƙarƙashinsa ya jiƙe sharkaf da wannan nonon mai ƙarni, ya naɗe mini a yatsu yana yauƙi. Na yi amai a wurin, ban ɓoye muku ba. Na ɗauka na tafi ban waiwaya ba, Usama kuwa da kansa ya buɗe mini leda.

Da na iso gida na tarar Huzaifa yana kuka, kuma da muka ƙiyasta ni da Rahama, ya fara ne daidai lokacin da na ɗaga abin daga ramin. Kwana da kwanaki yana yi, yana miƙa hannu ta bayan kafaɗar uwarsa, wajen da babu kowa, kafin yunwa ta sa ya kama nononta. Maƙwabciyarmu, wadda ba ta san komai ba, ta leƙo ta ce, "Maman Huzaifa, da wuri haka kika yaye shi? Ai wannan kukan yaye ne."

Yaron ya girma, yana makaranta, Alhamdulillahi, ba mu taɓa faɗa masa ba. Shawarata gare ku masu fita yawo da jarirai ita ce, duk abin da ya fito daga jikin ɗanku, ku ƙulle shi ku dawo da shi gida, ko da abokan tafiya za su toshe hanci har ku iso. Ƙasar da kuka ga babu kowa a kanta, ba ku san wadda ke zaune tana jiran ɗa ba.