Koyil ɗin Gwaggo

Ana idar da sallar asuba muka bar Salaga, ni da ƙanena da gwaggonmu, a 'yar ƙaramar motata. Ƙanwarmu ce ta haihu a Bawku, mace, washegari da safe kuma suna. Gwaggo ce ta raine ta, sunanta za a sa wa jaririyar, ta kuma rantse sai ta ji an faɗe shi da kunnenta. Motar haya ta so shiga, ni na hana. Na ce ina da mota a gida za ki je ki matsu da buhunan gawayi? Allah Ya kiyaye!

Kayan da aka ɗura wa motar nan, wallahi ko babbar mota sai ta yi ƙorafi. Doyar Salaga har bakin but ɗin motar, garin rogo, tabarmi, ga wani ƙullin Gwaggo da ba a yarda kowa ya taɓa ba. Hanya kuwa wani wuri kwalta, wani wuri sai dai a ce an taɓa yin kwalta. A Bimbila muka sha koko da ƙosai, mai kokon ta zuba sukari kamar na gidan ubanta ne ba na sayarwa ba.

Muna barin garin mota ta fara tari. In na taka mai sai ta yi rawa, ta ja, ta saki, wata fitila ruwan ɗorawa ta kama ƙyaftawa a gabana. Gwaggo ta ce daga baya, "Ɗana, rawar nan ta murnar suna ce?" Na ce iska ce ta shiga mai. Ƙanena ya juya fuska taga, kafaɗunsa na motsi. Haka muka rarrafa zuwa Yendi, masu babur na wuce mu, har wani mai keke da akuya ɗaure a baya ya wuce mu ya ɗaga hannu.

A Yendi aka nuna mana wani fita, wato makanike, a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ya buɗe inji, ya zare wannan, ya mayar da wancan, ya ce, "Masta, mota bai da laifi, koyil ne ya mutu." Koyil shi ne abin da ke ba fulogi wuta, huɗu ne a motar. Ɗaya ya mutu, wani na hanya, ya ce gara a canja duka. Sabo sidi ɗari uku da hamsin kowane ɗaya, hom-yus wanda aka ciro daga wata mota ya fi sauƙi, amma ba ya rantsuwa a kansa. Na ce sidi nawa? Ya maimaita. Na ce koyil ɗin da zinariya aka naɗa shi? Kuɗin aljihuna guda ɗaya za su saya, shi ma sai mun haƙura da abincin rana.

Muna cikin ciniki Gwaggo ta ɓace. Muka duba masallaci, muka duba wurin masu tubani, babu ita. Na shiga tambayar masu wucewa, don a Dagbanci, yaren garin, ba ta wuce amsa gaisuwa da "Naa" ba. Can sai ga ta tana tafe daga kasuwa da baƙar leda, tana taku irin na wadda ta ci nasara. Ta dire ledar a kan mota ta ce wa fita, "Ga koyil nan, kwali huɗu, kuma sai da na sa aka rage mini. Kai ko tsoron Allah ba ka yi?"

Koyil ɗin sauro ne, jama'a. Ƙanena ya zauna daɓas a ƙasa. Fita ya yi ƙoƙarin danne dariya, ya cije leɓe, sannan ya ce, "Mma, zo ki gani." Ya nuna mata baƙin abin a cikin inji. Ta leƙa, ta taɓa, ta ce wannan ko hayaƙi ba ya yi har yake wannan tsada? Sai ta tambaye shi su huɗun tare suka zo da motar. Ya ce tare. Ta ce to ai tare suka tsufa. Na ce guda ɗaya dai za mu sa, mu gwada sa'a. Ta kalle ni ta ce, "Da sunan takwarata za ka gwada sa'a?"

Nan ta kwance ƙullin nan. Kuɗi ne ta daɗe tana tarawa don ta saya wa jaririyar 'yan kunnen zinariya a Bawku. Ta miƙa wa fita ta ce ya sa sababbi duka. Kunya ta kama ni har wuya, na rasa inda zan sa idona.

Mota kuwa ta tashi kamar ba ita ba. Muka wuce Gushegu, muka ci zabo gasasshe a bakin hanya, muka gangara dutsen Nakpanduri Gwaggo na salati a kowace kwana. Ana kiran magariba warin albasar Bawku ya tarbe mu.

Da safe liman ya faɗi suna, Gwaggo ta ji da kunnenta, ta yi kuka ta share da gefen mayafi. Da mata suka zo ajiye kayan barka, wannan atamfa, wannan sabulu, ita sai ta jera kwalin koyil huɗu a gaban mai jego. Mata suka zuba mata ido. Ta ce, "Wannan na korar mata sauro ne, a kunna a tsakar gida. 'Yan kunnenta kuma suna cikin injin motar wancan." Ta nuna ni da baki. Har maƙwabta sai da suka shigo jin abin da ake wa dariya.

Mun dawo Salaga lafiya da buhun albasa, motar ko tari ba ta yi ba. Abin da tafiyar ta koya mini: a duba mota kafin a cika baki, kuma in za ka ambaci koyil a gaban tsohuwa, ka faɗi na wane ne. 'Yan kunne kam na ba da saƙon a ƙera. Amma Gwaggo ta ce ko na kawo, motar ta riga ta zama ta takwararta, ni direba ne kawai. Duk Juma'a in na zo kai ta masallaci, sai ta dafa bonet ta saurara kafin ta shiga, ta ce, "Madalla, 'yan kunnen yarinya na aiki."