Kwamfutar da Rabi'atu Ta Turara

Ban taɓa buɗe kwamfuta na ji ƙamshi ba sai ta Rabi'atu. Na buɗe masu warin kyankyaso, na buɗe wadda ɗalibi ya kifa wa shayi yana rantse mini ruwan sama ne. Amma wannan, ina ɗaga murfin ƙasa shagona ya gauraye kamar ɗakin amarya.

Rabi'atu ɗiyar ƙanwar mahaifiyata ce. Duk a Kurfi aka haife mu. Ni na taho Dutsin-Ma na kafa teburin gyara lokacin da ɗalibai suka fara cika garin, ita kuwa ta zauna ta gaji sana'ar uwarta, haɗa turaren wuta. Tun tana ƙarama hancinta ke ba mutane kunya. Sai ta shigo gida ta ce miyarku ta kwana, kuma wallahi ta kwana ɗin. Ba ta da surutu, ba ta yi nisa a boko ba, amma a unguwarsu ba a kai amarya sai da kwalbar turarenta.

Mas'ud malamin gona ne ya aure ta, mutum mai sanyin murya da ke yini kan babur tsakanin Zobe da Dabawa. Yana da wata tsohuwar laftof da ya saya ta hannu. Wani rani, abokin aikinsa ya ɗauke shi bidiyo a bakin dam yana nuna wa masu noman rani yadda ake dashen tumatir, ya tsuguna a laka, wando naɗe, yana magana yana dariya. Ya zuba bidiyon a kwamfutar ya manta da shi. Ana shiga damina zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ɗiyarsu Nana Hadiza tana goye.

Ranar rabon gado an yi ta jan magana kan babur da gona. Kwamfutar kuwa, batir ya mutu, murfi na lilo, babu wanda ya ɗaga ido ya dube ta, sai aka tura ta cikin kason marainiya. A cikinta Rabi'atu ta tsinci bidiyon. Babu shi a waya, babu shi wurin abokin, wanda ya daɗe da barin jihar. Muryar Mas'ud a nan kaɗai ta rage a duniya.

Kowace Juma'a Rabi'atu takan zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, ta kife da kwando, ta shimfiɗa babbar rigar mijinta da hularsa. Sai ta buɗe kwamfutar ta ɗora a kai, wai kada ta yi warin ajiya. Bayan la'asar su jona ta a gidan maƙwabta masu sola, uwa da ɗiya su zauna su kalli dashen tumatir. Haka yarinyar ta san ubanta har ta shiga firamare.

Daga baya kwamfutar ta fara zafi kamar dutsen guga. Fanka ta riƙa kuka, ana cikin kallo ta ɗauke. Rabi'atu ta ce za ta kawo mini. Garba, ƙanen Mas'ud, ya ce ina dalili, kayan ɗan'uwansa ne, shi zai kai a gyara. Ta san halinsa, amma ƙanen uban 'yarta ne, da wane baki za ta hana shi? Ya ɗauka. Kwamfutar ta shafe watanni a gidansa, ya dawo da ita ko haske ba ta kawowa, ya ce ai tsufa ne.

Ranar kasuwa Rabi'atu ta shigo shagona da ita naɗe cikin zane, Nana Hadiza na biye.

"Yaya Ashafa, ban damu da ita ba," ta ce. "Maganar baban Nana kawai nika so ka hiddo mani."

Na ce ta zamna. Ni a aikina ba na zargin babban abu sai na wanke ƙanana. Na auna caja, lafiya lau. Na cire mataccen batir na jona ta kai tsaye, ƙaramar fitila ta kama, allo baƙi ƙirin. Na zare ƙwaƙwalwarta, wadda muke kira ram, na goge haƙoran da abin goge fensir, na mayar. Allo ya kawo, kafin ya gama buɗewa ta sake mutuwa. Na kara kunne, fanka shiru. Nan na kwance ta gaba ɗaya.

Fankar ta liƙe da wani baƙin danƙo, hanyar iska ta toshe da shi kamar an shafe da kwalta. Na lakato na shinshina. Sandal ne da hawi. Rabi'atu ta gane kafin in yi magana, ai haɗinta ne.

"Ni na yi mata haka?"

"Hayaƙin ne ya taru. Abu ne mai sauƙi, kada ki damu."

Kuma gaskiya na faɗa. Na wanke fankar da sifirit da tsohon burushin haƙori, na sa sabon man sanyaya, na ɗaure. Na kunna. Fanka ta juya sumul tana huro ƙamshi, allo ya buɗe ya tsaya. Nana Hadiza ta yi tsalle ta riƙe gefen teburina.

Ni kuwa na matso na duba da kyau. Hoton allon ba nasu ba ne. Babu takardun Mas'ud, babu sunansa. Fina-finai ne birjik, har rumbun ajiyar ya cika. Na san wannan aikin. Garba wurin masu tura fim a waya ya kai ta, waɗanda ciwo ɗaya suka sani, magani ɗaya: a yi fomatin, wato a share komai a sake zubi. Fankar da ke kuka a kunnensu ba su ko buɗe ba. Abin da aka goge yakan bar sawu, nakan iya bi in dawo da shi, sai dai idan an zuba wani abu a kansa. 'Ya'yan Garba sun yi watanni suna zubawa a 'yan mintocin da take yarda ta kunnu. Duk da haka na bi, har azahar ta wuce ina bi. Ban samu ko daƙiƙa ɗaya ba.

Na kira Garba a waya, raina na tafasa. Ya ce, "Tau mi? Ai taimako na yi. Bidiyon tumatir ne fa, Ashafa." Na kashe kafin in faɗi abin da zai raba zumunci. Har yau in na gan shi a masallacin Juma'a ina sauya sahu.

Rabi'atu ba ta yi kuka ba, ni dai da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zauna tana kallon kwamfutar da ke aiki tamkar sabuwa.

Nana Hadiza ta dube ni, ta dubi uwarta, sai ta ce, "Umma, ai na iya shi duka." Ta tsuguna a ƙasan shagon, ta naɗe bakin siket. "Jama'a, kada ku dasa da rana tsaka. Ku bari sai yamma, ƙasa ta huce. Ku riƙe shi a hankali, jariri ne."

Ba ta tsallake kalma ko ɗaya ba.

"Ba haka yake faɗin jariri ba," in ji Rabi'atu a hankali. "Akwai yadda yake ja."

"Tau yaya, Umma?"

Rabi'atu ta buɗe baki. Ta gwada, ta tsaya. Ta sake gwadawa, muryarta ce kawai ta fito. Yarinyar na tsugune tana jira.