Sikari citta

Ko yau aka tashe ni daga barci aka ce in faɗi ranar da aka fi ƙona mini rai, ranar sunan jikata zan faɗa. Wannan kam sai dai a binne ni da shi.

Ni ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da na yi furfura na shiga ajin manya na ƙauyenmu a ƙasar Kunci. Malamarmu, ban da baƙi da wasali, ta koya mana sana'ar hannu: jam ɗin mangwaro da ake shafa wa burodi, da alewar citta, wadda ake yanka ɗanyar citta sirara a dafa ta da sikari har ta yi ƙyalli. Na iya, ba yabon kai ba.

To autata da ke aure a Rijiyar Zaki ta haihu. Uwar mijinta wata Hajiya ce mai kallon mu kamar da kara aka saƙa mu. Duk abin da na kai, kuka ko daddawa, sai ta ce, "Sannu, a ajiye a can." Yarinyar tana jin ciwon abin, ba ta dai faɗa. Na ce mata ranar suna zan kawo abin da zai rufe bakin kowa. Ita kuma ta je ta yi ta shela a gidan.

Ɗanyar citta ba a samun ta a wajenmu, sai busasshiya. Ƙanena kuwa yana fataucin awaki, kullum yana birni. Ranar Lahadi na zauna na rubuta masa saƙo a waya da hannuna, har da gyara zama: "Ka taho mini da sikari citta." Ya amsa da "To Yaya." Na kama mangwaro kwando guda na fere, na yanka, ina jiran sa da yamma.

Bai zo ba. Washegari ma shiru. Na kira, waya a kashe. Mangwaro ya fara ruwa, ƙudan unguwa duka suka dawo gidana da zama. Suna kuma Laraba. Na aika kanti aka kwaso ɗan sikarin da ya rage, na daka busasshiyar citta na zuba, na dafa haka nan, na ɗura a kwalabe na ɗaure baki tamau. Alewa kam babu zancenta.

Ranar Laraba a mota kwalaben suka sha rana. Da na isa, mata cike da tsakar gida, Hajiya ta ce, "A'a, ga masu jam sun iso. A buɗe mu gani mana." Ta murɗa murfin kwalba ɗaya da kanta. Sai ji muka yi fus, kumfa ya taso ya bi mata hannu har leshi, tsami ya cika ɗakin.

Ta shinshina, ta dube ni. "Inna, wannan na ci ne ko na shafa wa ƙafa?"

Mata suka tuntsire da dariya. Ni ban damu da kaina ba, na tsufa da jin magana. Autata na kalla, ta sunkuyar da kai kan jaririya kamar tana gyara mata hula. Ni zan koma ƙauye, ita ce za ta kwana ta tashi da su.

Ranar Alhamis ina gida ina wanke tukunya sai ga gogan ƙanen nawa a kan babur, da sikari niƙi-niƙi, yana washe baki.

"Yaya, ga ni ranar da kika ce."

"Wace ranar na ce?"

"Citta mana. Kin rubuto Lahadi. Gobe, jibi, gata, citta. Yau ke nan. Har ciniki na bari don kar in saɓa."

"Citta ta yaji nake nufi, kai! Wadda ake sa wa kunu!"

"To ai ba ki sa 'da' ba."

"Kai da ka yi sakandare, ba ka iya sa ta da kanka ba? Me zan yi da sikari ranar Alhamis, shayin arba'in?"

Wai shi ne ma zai yi fushi, ya ƙona mai. Ludayi na ɗauka, ya tada babur.

Da na kai ƙara wurin malama, sai da ta gama dariyarta sannan ta ce haka rubutun yake, kalmomin biyu iri ɗaya ne a takarda. Na ce to wanda ya ƙirƙiro shi bai taɓa aiken ɗan'uwansa kasuwa ba. A baki ko yaron goye ba zai haɗa su ba, ɗaya murya ta hau, ɗaya ta sauka.

Har yau 'yan gidan can "jikar mai fus" suke ce wa yarinyar, uwarta kuma ta hana ni kai komai a kwalba. Abin da na koya shi ne, rubutu ba shi da murya. Gaisuwa nakan rubuta. Amma duk abin da zai shiga tukunyata, kira nake yi in faɗa da bakina, in sa mutum ya maimaita.