Marin Da Na Yi Wa Ɗana A Ɗakin Diktora

A shekarun da zan ba da labarinsu, ni magidanci ne ɗan arba'in da 'yan kai, a wani ƙauyen Hausawa tsakanin Managil da Madani. Ina da hawasha, wato gonar ban-ruwa da na gada a wurin mahaifina, ina noman auduga da dawa da gyaɗa. Karatuna bai wuce na allo da aji huɗu ba. An san ni da zafin hannu, kuma a lokacin ina jin daɗin a san ni da hakan. Bulalar dorina tana rataye a bayan ƙofata, jaki ya san ta, 'ya'yana ma sun san ta. Babban ɗana shi ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina ya ci, don haka kunya biyu ce tsakaninmu. Tun ranar suna ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba. In ina da magana, uwarsa nake gaya wa ta isar.

Da ya gama sakandare aka ɗauke shi hidimar ƙasa, aka kai shi fagen yaƙi a Kudu. Bayan shekara biyu ya dawo da ƙafafunsa da hannayensa, muka yanka rago muka gode wa Allah. Sai dai ya daina magana, abinci ma sai uwarsa ta tsare shi. Ban damu ba, na ce gajiya ce. Da auduga ta fara fure, ranar nan da hantsi muna cire ciyawa da 'yan ƙwadago, sai ƙaramin jirgin nan mai feshin magani ya taso ƙasa-ƙasa kamar yadda ya saba duk shekara. Yaron nan ya yar da fartanya, ya faɗa cikin laka yana birgima, yana ihu a kwanta, a kwanta. Mutane suka kwashe da dariya, wani ya ce ashe sojan namu jirgin tsutsa yake tsoro. Dariyar nan ce ta shiga kaina. Na cire takalmina na rufe shi da duka a gaban kowa, ina cewa ya tashi ya daina kunyata ni.

Bayan mako biyu jirgin ya dawo, wannan karon muna gida. Uwarsa ta rungume shi don ta kwantar masa da hankali, shi kuwa bai san ko wace ce ba, ya wurgar da ita ta faɗa kan turmi, hannunta ya karye. Na ɗaure shi a jikin darbejiyar tsakar gida da igiyar jaki, na sauko da dorina. Ban ƙirga ba. Na dai san rigarsa ta manne da bayansa saboda jini, kuma maƙwabta biyu ne suka tsallako katanga suka riƙe ni. Uwar, da karyayyen hannunta, ita ce ke roƙona in bar shi. Washegari na sa shi a mota na kai shi wurin wani malami a ƙetaren kogi da ya yi suna wajen masu taɓin hankali. Aka sa masa marin ƙarfe a ƙafa, ana ba shi kisira, wato gurasar dawa, ba miya ba gishiri, kullum da safe a yi masa bulala wai don a kori abin da ke jikinsa. Wata biyar ya yi a can. Duk sanda na je, nakan tsaya daga nesa in tambayi masu tsaronsa ko ya yi laushi.

Uwarsa ce ta je ta ga idon sawunsa ya ruɓe har ƙuda na bi. Ta dawo ta ce mini ko in kwance mata ɗa, ko in nemi wadda za ta zauna mini a gida. Yayanta direban bas ne a hanyar Madani, shi ya ɗauke mu ya kai mu asibiti. Likita ya duba ƙafar, ya ba da ƙwayoyi, sannan ya tura mu wani ɗaki wurin wata mata da ya ce aikinta sauraron masu damuwar zuciya da ba su shawara. Kowa Diktora yake ce mata. Ni na zaci allura za a yi masa mai ƙarfi. Sai na tarar da kujeru uku, da fanka, da butar ruwan sanyi, da mace wadda ba ta girmi ƙanwata ba. Ta tambaye shi sunansa, na ce kawunsa zai faɗa. Ta tambaye shi yadda yake barci, na amsa. Ta tambaye shi abin da yake gani in ya ji ƙarar jirgi, na sake amsawa, na ce iskanci ne da aljanun Kudu. A wurinmu ɗa ba ya buɗe baki ubansa na zaune. Ta yi murmushi ta ce, ya Hajj, shi ne ya je Kudu ko kai? Ta roƙe ni in jira a waje. Kafin in fita ta bayyana mana cewa zai riƙa zuwa duk mako, cewa abin da ya gaya mata ba zai fita ɗakin ba sai in ta ga zai cutar da kansa ko wani, kuma kada mu firgita in ya ƙara rikicewa da farko, don za a taɓa inda ke ciwo. Na ji da kunnena, amma ban ɗauka ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne mace ta kore ni daga ɗaki don ta ji sirrin gidana.

Mako uku ana zuwa, ba allura, sai surutu. A na huɗu ya fito idonsa jawur, da muka koma gida ya fasa randa. Na ce ga shi nan, tana ƙara haukata shi. A na biyar ta ce in shigo. Ta ce ta san al'adarmu, ba ta ce in kira sunansa ba, ba ta ce in dube shi ba, so take kawai in zauna in ji abin da zai faɗa, kada in katse shi. Yaron ya sunkuyar da kai, ya fara da Larabci, sannan ya koma Hausa. Ya ce ranar da jirgi ya yi musu ruwan wuta, abokinsa da suke ci a kwano ɗaya ya rabu biyu a gabansa, shi ya kwashe shi a bargo. Ya ce Diktora ta koya masa yadda zai riƙe numfashinsa ya tuna wa kansa cewa yana gida, kuma ya fara iyawa. Sai ya ce amma akwai abin da ya fi jirgin firgita shi yanzu, shi ne takun Baba a bakin ƙofa. Ban san sanda na miƙe ba. Na kwaɗa masa mari har ya faɗo daga kujera, leɓensa ya fashe. Matar nan ta shiga tsakaninmu ta ce in zan ƙara, in fara da ita. Na ja shi waje, na rantse ba zai sake taka wurin ba, na kuma zubar da ƙwayoyin a masai.

Da lokacin feshi ya zagayo, muna bakin babbar hanyar ruwa kusa da ƙofar ƙarfen da ake buɗe wa gonaki ruwa. Jirgin ya taso. Na ga yaron ya durƙusa ya dafe ƙirji yana jan numfashi a hankali, bai yi ihu ba, bai faɗi ba. Yana cin nasara, ni ban gane ba. Na nufo shi da sauri, dorinar da nake kora jaki da ita tana hannuna. Wallahi ban san ko dukansa zan yi ba, har yau ban sani ba. Ya ɗago ya gan ni, ya zabura da baya, ya faɗa ruwan, igiyar ruwa ta maka kansa da ƙarfen ƙofar. Mai gadin ruwa ne ya fito da shi da rai. Idonsa na hagu ya tafi a wurin.

Bayan an sallame shi daga asibiti, ni da kaina na koma wurin Diktora na ba ta haƙuri. Ba ta zage ni ba. Ta karɓe shi, ta kuma ce ni ma in riƙa zuwa ni kaɗai. Na yi ta zuwa kusan shekara, a ɗakin nan na fara jin kaina ina faɗin irin dukan da nawa uban ya yi mini, abin da ban taɓa gaya wa ko matata ba. Shi kuwa shekara biyu ya yi yana zuwa. Yanzu yana gyaran injin ban-ruwa a Madani, ya yi aure, yana da 'ya'ya uku.

Na rubuto ne saboda yaƙi bai ƙare a ƙasar nan ba, kuma gidaje da yawa suna da irin ɗana. In kun kai naku wurin masu wannan aiki, ku sani magana ce maganin, kuma tana ɗaukar lokaci. Za a ce ku jira a waje, ku jira. Zai fito yana kuka, ba lalacewa ba ce. Ba za a gaya muku abin da ya faɗa ba, kada ku matsa. Wata rana kuma za ku ji laifinku daga bakinsa, ku zauna a kan hannayenku ku ji. Addu'a ba ta hana wannan, mari da bulala kuwa ba su taɓa warkar da kowa ba. Ɗana ya ce ya yafe mini, na kuma yarda da shi. Yana zuwa gaishe ni kowace sallah, ya durƙusa da ladabi, ya tambayi ƙafata da ke ciwo. Amma na lura da inda yake durƙusawa. Ko yanzu da na tsufa, sai da sanda nake tashi, bai taɓa matsowa inda hannuna zai kai ba.