Igiyar Malam Istifanus

Mahaifina, Malam Abdulmalik tela, bai taɓa auna mutum da tef ba. Shekara arba'in yana ɗinki a wani ɗan shago a unguwar Hindawiyya ta Jidda, ya ɗinka wa Larabawa tob, doguwar rigarsu, ya ɗinka wa 'yan Nijar da 'yan Cadi manyan riguna, amma da igiya yake awo. Kowane mai kawo ɗinki da igiyarsa: ƙulli ɗaya na wuya, ɗaya na kafaɗa, ɗaya na ciki, biyu na hannuwa, na ƙarshe na tsayi. A bakin igiyar sai ya ɗaura ƙyallen yadin mutum, shi ne a madadin suna. Kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, ya sayo masa tef har sau uku, dukansu Mama ta ƙare da ɗaure labule da su.

Ni ce Mas'uda, 'yarsa ta fari, a nan Jidda aka haife ni. Tun ina ƙarama igiyoyin nan suke ba ni haushi. Ka shiga shagon ka ga bango kamar na mai sayar da awaki. Amma akwai guda huɗu da ba ya ratayewa, tsofaffi ne sun yi ja, suna cikin gwangwanin madara a ƙasan akwatinsa. Wata rana na zaro ɗaya na shanya ɗankwali a kai. Ranar ce kaɗai na taɓa jin Baba ya daka mini tsawa. Na yi fushin kwana biyu, shi kuma bai ce mini komai a kansu ba sai bara.

Bara ne aka kira wayata daga Najeriya. Mutumin ya gaishe ni cikin ladabi, ya ce sunansa Rabaran Filibus, shi ne limamin wani ƙaramin cocin Angilikan a Unguwar Kanya, ƙauyen su Baba a ƙasar Zazzau. Ɗan ƙanen Baba ne ya ba shi lambar. Na ce a raina, ikon Allah, me ya haɗa limamin coci da tsohon da bai san hanyar ko'ina ba sai shago da masallaci? Na miƙa wa Baba wayar na tsaya, don ni ban iya barin magana ta wuce ni ba.

Rabaran ya ce cocin zai cika shekara saba'in, suna so su rubuta sunayen duk waɗanda suka riƙe shi a kan allo. Tsohon littafinsu kuwa ya lalace shekarar da rufin ya rufta da damina. Dattawan da suka rage kowa da nasa lissafin, an ce masa wanda ya ɗinka wa limaman farko riguna yana raye a Jidda.

"Mas'uda, ɗauko mini gwangwanin nan," in ji Baba.

Ya zazzage shi a cinyarsa. Idonsa ya yi rauni yanzu, da yatsu yake gani. Ya ja igiya mafi tsawo ya ce wannan Rabaran Dauda ne, dogo, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar cocin, a zamaninsa aka cire ciyawa aka sa kwano. Ya ja ta biyu yana dariya, ya ce Rabaran Markus ke nan, ƙullin cikinsa sau uku ana kwancewa ana matsarwa gaba, don matan ƙauyen ba su bar shi ya huta da tuwo ba. Shi ya haƙa rijiyar da kowa ke sha, Musulmi da Kirista. Ta uku Rabaran Timotawus, siriri mai yawan tari, shi Baba ya bari a can lokacin da ya taho aikin Hajji ya zauna.

Rabaran Filibus yana ta rubutawa yana cewa, "Madalla, Baba, Allah ya saka." Sannan ya ce jerin ya cika ke nan, Rabaran Dauda ne na farko.

"A'a," in ji Baba. "Na farko Malam Istifanus ne."

Rabaran ya ce bai taɓa jin sunan ba.

A nan ne na ji labarin da ban taɓa ji ba duk tsawon rayuwata. Malam Istifanus ba Rabaran ba ne, katikis ne, wato malamin da ke koyarwa yana jan addu'a kafin a turo limami. Shi ya kwaɓa ƙasar ginin da ƙafarsa, ya riƙe wurin shekara goma sha biyar. Lokacin Baba yana ɗan shekara ashirin, maraya, yana ɗinkin hannu da allura a bakin kasuwa, wuni guda bai gama wando ɗaya ba. Matar Malam Istifanus ta rasu ta bar keken ɗinki. Sai ya ɗora keken a ka, ya kawo har rumfar Baba ya sauke, ya ce, "Tsatsa zai yi a ɗakina. Riƙe, naka ne."

Mutane suka yi ta magana. 'Yan uwan Baba suka ce dabara ce, so ake a janye shi daga addininsa. 'Yan cocin suka ce ga 'ya'yansu, me ya sa aka ba Musulmi? Malam Istifanus bai kula kowa ba. In ya zo rumfar hira aka kira azahar, shi ne mai cewa, "Tashi ka je, ni zan tsare maka keken." Baba ya ce da keken nan ya yi aure, da sana'ar ya zo Jidda, da ita ya ciyar da mu shida. Wallahi sai na ji kunyar ɗankwalin da na shanya.

Rabaran ya saurara har ƙarshe. Ya ce shi ya yarda, amma akwai kwamiti, kuma kwamiti ya ce sai wanda aka samu takarda ko hoto ko shaidar mutum biyu. Ya ce wata tsohuwa takan ambaci wani malami mai gajeren hannu, sai dai tsufa ya rikita ta, ba a kama maganarta.

Na fusata. Na karɓe wayar na ce, "Ranka ya daɗe, mutum ya gina muku wuri da ƙafarsa, sai ya zo da takarda kuma?" Baba ya ce, "Halas, ya isa, Mas'uda, ba ni." Ya tambayi Rabaran ko akwai tsofaffin riguna a cocin. Rabaran ya ce akwai wata fara a ƙasan akwati, ba ta yi wa kowa, don telan ya yi kuskure, hannun hagu ya gaza na dama.

Baba ya gyara zama. "Ban yi kuskure ba," ya ce. "Daga kan rufin cocinku ya faɗo yana baibaya, hannun ya karye, aka ɗora shi ya warke a gajarce. Yatsa huɗu. Ita ce riga ta farko da na ɗinka a kan keken."

Igiya ta huɗu tana hannunsa. Na ce a ɗauki hotonta a tura, ya ce hoto ba ya awo, sai an shimfiɗa ta a kan rigar. Na ga yadda yake murza ƙyallen da ke bakinta, na san ba ya son rabuwa da ita. Ba shi da hoton mutumin, bai san inda kabarinsa yake ba, keken ma ya daɗe da mutuwa. Kwana uku tana aljihunsa. A na huɗu ya kira Maman Lawali, wani ɗan Maraɗi da ke fataucin turare tsakanin Jidda da Kano, ya naɗe ta a hankici ya ba shi, ya yi ta jaddada masa kamar zinariya ya ba shi.

Wata ɗaya muna jira. Baba ya rage cin abinci, kullum sai ya ce in duba waya. Ni kuwa na riga na shirya maganganun da zan gaya wa kwamitin nan in suka ƙi.

Ba a kai ga haka ba. Bidiyo ya iso ranar wata Asabar da hantsi. Ga rigar a kan tebur, ga dattawa sun kewaye ta, Rabaran Filibus yana bin ta da igiya. Wuya ya hau, kafaɗa ta hau, hannun dama ya hau. Da ya zo hagu, ƙullin ya tsaya daidai bakin hannun. Ƙyallen ma yadin rigar ne. Ina gaya wa Baba abin da nake gani. Sai muka ji wata tsohuwa daga baya tana cewa, "Ai na gaya muku."

Bayan sati biyu aka turo hoton allon. Baba ya ce in karanta masa daga sama. Na karanta: Malam Istifanus, katikis. Ya ce in sake, na sake. Ya ce, "Alhamdu lillahi, yau na sauke nauyi." Rabaran ya roƙi a bar musu igiyar su ajiye tare da rigar, Baba ya ce su riƙe, tasu ce.

Na gode wa Rabaran Filibus da ya saurari tsoho, na gode wa Maman Lawali. Shi kuwa Malam Istifanus, ban san shi ba, amma duk tuwon da na ci a gidanmu akwai hannunsa a ciki.

Da la'asar na kai wa Baba shayi shago, na tarar ya yanko sabuwar igiya yana ƙullawa, idonsa a rufe. Ya yi wuya, ya yi kafaɗa, ya yi hannun dama. Sannan ya jera yatsunsa huɗu a kan igiyar, ya ja baya, ya ƙulla na hagu. Ya saka ta a gwangwanin tare da sauran ukun ya rufe.