Hon Biyu da Lasisin Merrilyn

Merrilyn Tuckwell ta shekara ashirin da biyu tana rabon wasiƙu a gonakin da ke kewaye da garinmu Yarrabeen, cikin wata tsohuwar a-kori-kura fara, ba ta taɓa take ko kaza ba. Kangaru ɗaya ne ya taɓa shiga tsakaninta da hanya, shi ma shi ya bugi motar, ba motar ta buge shi ba. Ni Glenys, mai shagon burodin da ke kallon gidan mai, tun muna aji ɗaya na firamare nake fama da ita. Saboda haka in na ce matar nan ba ta iya ƙarya ba, ba yabonta nake yi ba, ƙorafi ne. Ka tambaye ta ko rigarka ta yi maka kyau, ka ga yadda za ka wuni da ɓacin rai.

Tana da shekara arba'in da takwas ta shigo shagona ta ce ita nas za ta zama. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ita kuwa ta sayi tabarau, ta shekara uku tana karatu a teburin kicin, tana zuwa birni koyon aiki, ta dawo ta ɗaure mu da bandeji ɗaya bayan ɗaya. Ta ci jarrabawa kuwa! Asibitin garinmu, mai gado goma sha huɗu da ɓangaren tsofaffi, ya ce ta fara aiki ranar ɗaya ga wata, muddin ta kawo lasisi daga hukumar rajistar nas-nas. In babu lasisi, su ɗauko wata daga birni. A ɓangaren tsofaffin nan kuwa mahaifiyarta Doreen take zaune, wadda ciwon suga ya cinye wa ido tun da daɗewa.

Wata Talata da hantsi sai ga ta a shago da fom ɗin neman lasisin a hannu, fuskar nan kamar an aiko mata da mutuwa.

"Glenys, na shiga uku. Duba tambaya ta goma sha ɗaya."

Na goge gari daga hannuna na karanta. Wai ko kotu ta taɓa samun mai neman lasisi da wani laifi, ko da ba a hukunta shi ba.

"To, ke wa kika kashe?"

"Hon ɗin nan mana!"

Allah na tuba, sai da na zauna a kan buhun fulawa don dariya.

Mu nan garin, ba a barin gidan mutum shiru kamar ɓarawo. In ka tayar da mota sai ka danna hon sau biyu, fim-fim, ka zuro hannu ta taga kana ɗagawa har ka sha kwana. Haka muka taso muka ga ana yi. Merrilyn kuwa tata ta fi ta kowa dalili, don uwarta ba ta ganin hannun, hon ɗin kaɗai take ji, sannan ta tashi daga baranda ta shiga ɗaki. Shekara tara da suka wuce aka turo mana wani sabon ɗan sanda daga birni, Kofur Hollingworth, kakinsa ko wankin farko bai sha ba. A satinsa na farko ya tare ta a ƙofar gidan uwarta, ya rubuta mata laifi biyu ringis: yin hon ba gaira ba dalili, da fito da gaɓar jiki ta tagar mota. Gaɓar jiki fa! Ashe duk suna cikin littafin doka, mu ne ba mu taɓa buɗe shi ba.

Da wani ne, ya biya tara ya huta, magana ta mutu. Merrilyn ta ce atafau ba za ta sa hannu a takardar da ta ce yi wa uwa sallama laifi ne ba, a je kotu. Ranar da majistare ya zo, rabin gari ya cika ɗakin. Bawan Allah ya saurare ta yana cizon leɓe don danne dariya, ya ce doka dai ta ce ta yi laifi, amma ta tashi ta tafi, ba tara ba komai. Da zai bar gari da yamma, shi ma sai da ya yi mana fim-fim.

Na ce da ita, "Ke, cika a'a ki wuce. Wa zai tono wannan tsohon zance?"

"Suna bincikawa wurin 'yan sanda. Ko ba sa bincikawa ma, mutanen da za su ba ni makullin kabad ɗin magani zan fara yi wa ƙarya tun daga bakin ƙofa?"

"Ba ƙarya ba ce, mantuwa ce."

"Ai ban manta ba."

Kun ji irin halin nata. Ta cika e, ta zauna rubuta bayani. An ba ta layi shida, ta rubuta shafi bakwai. Ta sa hon, ta sa zuro hannu ta taga, ta sa kangaru, har da ranar da ta ajiye mota a wurin da aka ware wa motar fasto a harabar coci, abin da ba wanda ya sani sai ita da Mahaliccinta. Ta kuma sa ni rubuta takardar shaidar hali. Na rubuta cewa na san ta shekara arba'in da biyar, kuma babban aibinta shi ne duk abin da ta faɗa muku haka yake.

Bayan mako biyu suka kira. Tana shagona tana shan shayi, ga layin masu sayen burodi har bakin ƙofa, wayar ta yi ƙara. Ta ɗauka ta danna lasifikar wayar, kowa yana ji. Wata murya mai sanyi ta ce ita ce Madam Rasiah daga hukuma, ta karanta bayanin duka, har shafi na bakwai, tambaya ɗaya ce ta rage kafin ta miƙa wa kwamiti.

"Kin yi nadamar abin da ya faru? Kina ganin zai sake faruwa?"

Jama'a, ku zo ku ga shago! Ina girgiza kai kamar zai cire. Mahaucin gari yana yi mata alama da hannu biyu. Wata tsohuwa ta ɗaga burodinta tana kaɗawa, a'a, a'a. Kalma ɗaya ce tsakaninta da wahalar shekara uku.

Merrilyn ta ajiye kofi ta ce, "Ranki ya daɗe, yau da safe ma na yi."

Na ji kamar in jefe ta da faranti.

"Yau da safe?"

"A ƙofar asibiti. Hannun dai na daina fitarwa, wannan na yarda ganganci ne. Amma hon, gaskiya ban daina ba. Mamata ba ta gani. In na tafi ban yi ba, haka za ta zauna a baranda tana jira, ta ƙi cin abinci. In na ce miki na daina, na yi miki ƙarya."

Can sai Madam Rasiah ta yi gyaran murya.

"Sau nawa kike dannawa?"

"Biyu."

"Mu a gidanmu uku ne," in ji ta. Nan take kuma ta gyara murya, ta ce ba ita ke yanke hukunci ba, kwamiti zai zauna, za a ji daga gare su.

Kwana goma sha ɗaya ban yi mata magana mai daɗi ba. Ta shigo in ce, "Ga sarauniyar gaskiya nan, a ba ta hanya." Amma tsakani da Allah tsoro nake ji, har burodi na ƙona sau biyu. Ranar ashirin da tara ga wata, ina cikin kwaɓa fulawa, na ji hon daga ƙarshen titi, ba biyu ba, ba uku ba, an ɗora hannu an ƙi ɗagawa. Ta faɗo shago tana karanta saƙon da ƙarfi: kwamiti ya duba, laifin bai shafi aikin jinya ba, sun gode da cikakken bayani, ga lambar lasisi. Muka rungume juna muna tsalle, mata biyu masu jikoki, ta fita fari fat da gari kamar fatalwa. Hollingworth, wanda yanzu saje ne har da tumbi, yana tsaye a gidan mai. Ya juya baya ya dage da karanta farashin fetur.

Ranar ɗaya ga wata na rufe shago na bi ta, don ba za a ba ni labari ba. Ta ajiye mota a wurin ma'aikata, shiru, ta shiga da sabon yunifom shuɗi da agogo maƙale a ƙirji. Doreen na baranda a kujerarta, fuskarta na kallon titi. Merrilyn ta lallaɓa ta tsuguna a gabanta, ta kama babban yatsan tsohuwar ta matsa sau biyu, ta ce da baki, "Fim-fim."

Tsohuwa ta zabura. "Merrilyn? Yaushe kika zo har za ki tafi?"

Ta ɗauki hannun uwar ta ɗora a kan agogon. Yatsun suka shafa shi, suka shafa wuyan rigar, suka tsaya a kan bajon suna.

"Wannan na zuwa ne, Mama. Nan nake aiki yanzu."

Ni da na zo dariya, sai ga ni ina share ido da gefen riga. Doreen ta riƙe bajon nan gam, ta juya kai wajen sauran tsofaffin ta ɗaga murya.

"To ku juya mini kujerar nan ta kalli ciki. Na gama da titi."